Layun Da Ba Nawa Ba

A iyakar farko bayan Legas na fara gane cewa hulata za ta ja mini magana. Muna cikin layi wani mai kaki, tumbinsa na neman tsinka maɓalli, ya zare ni daga cikin mutane ya ce, "Alhaji, kawo na goro." Na ce masa ni ba Alhaji ba ne, mai bishara ne, makarantar fastoci za ni a Gana. Ya dubi rigata, ya dubi hulata, ya ƙwala wa abokinsa kira ya zo ya ga abin mamaki, wai ga Bahaushe yana ƙaryar Kiristanci saboda rowa. Suka shanya ni a rana suna ta dariya har direbanmu ya tada mota. Na ba su abin da suke so, na koma kujerata raina a ɓace.

Sunana Audu. Kakana Bamaguje ne, ubana ne na farko da aka yi wa baftisma a gidanmu, ni kuwa cikin coci na buɗe ido. Cocinmu yana wani ƙauye na yankin Barkiya a ƙasar Kurfi, ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, gidajen da ke zuwa sujada kuma yatsun hannu sun ishe ka ƙirga su. Duk sauran garin Musulmi ne. Ba mu da katanga, ba mu da wani babba a gwamnati. Muna zaune ne saboda maƙwabta sun yarda da mu, rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke yi, kuma duk ranar da wannan yarda ta fashe, sai dai mu ɗaure kayanmu. Kowa a garin, Musulmi da Kirista, Malam Audu yake ce mini, domin haka ake kiran mai bishara a wajenmu tun zamanin iyayenmu.

Mai bishara yana wa'azi, yana gaida marasa lafiya, yana sulhunta ma'aurata, amma ba ya baftisma, ba ya ba da jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada. Sai mun jira Rabaran daga Dutsin-Ma, shi kuwa tun da hanya ta lalace sai a daɗe ba a gan shi ba. Shi ya sa da wani baƙo mai kwat ya zo Dutsin-Ma da labarin makarantar da ke horar da masu bisharar ƙauye kyauta, dattawan ikilisiya suka ce in je in samo ilimi, in na dawo a naɗa ni fasto. Babu wanda ya tambayi dalilin da zai sa mutum ya tsallake ƙasashe ya zo neman ɗan ƙauye irina ya ba shi abu kyauta.

A Kwatano aka sauya mana mota. A Lome kwandastan da ya karɓi kuɗina har Gana ya ce in sauka in miƙe ƙafa, ina juyowa na hango bayan motar tana shan kwana, da buhun garin daddawa da kukar da Saratu matata ta haɗa mini a ciki. Na daɗe tsaye a tasha ina zagin mutumin da Hausa, babu mai ji balle ya tanka. Wata mai sayar da burodi ta ga abin da ya faru, ba ta jin yarena ba na jin nata, ta ja hannun rigata har gaban wata motar, ta yi wa direban faɗa kamar ɗanta, ya ɗauke ni a rabin kujera. Ko sunanta ban sani ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Na isa Ankara, babban birnin Gana, ƙafafuna a kumbure. Cocin da ke da makarantar ya fi kasuwar Kurfi faɗi, an lulluɓe shi da gilashi, kuma duk inda ka juya hoton mai cocin ne, wanda suke kira Papa. Hotonsa a bango, a jikin motoci, a kan gorar ruwa, har a hankicin da ake sayarwa a bakin ƙofa wai yana maganin ciwon kai. Makarantar kanta kuwa wani ɗaki ne a baya, kusa da janareta. In motar Papa ta shigo, manyan mutane masu furfura sai su zube a kan gwiwa cikin ƙura. Ni na tsaya a tsaye na ɗaga masa hannu yadda ake gaida mutum, aka zungure ni.

Na zo ne in koyi kiwon jama'a. Abin da aka koya mana a makon farko shi ne yadda ake riƙe makirfo. A mako na biyu aka koya mana inda ake dafa goshin mutum da yadda ake ɗan tura shi, mai tarewa yana tsaye a baya. Daga nan sai darasin yadda ake sa jama'a su fito da kuɗin baiko sau uku a sujada ɗaya ba su gane ba. Na ɗaga hannu na tambayi malamin ajin, wani saurayi mai takalmi mai tsini, yaushe za mu zo kan yadda ake zama da tsohuwar da aka sace wa ɗa, ko abin da za ka ce wa magidancin da gonarsa ta gagare shi zuwa har ya daina addu'a. Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambaya, ya ce mai babban shafewa, wato baiwa daga Allah, ba ya ɓata lokaci a kan mutum ɗaya. Na dube shi na ce a raina, wannan ko akuya aka ba shi kiwo sai ta mutu da ƙishirwa.

Abinci kullum dokunu ne, wani curin masara mai tsami da kifi da barkono. Cikina ya ƙi shi. Damina ta faɗi a gida, Saratu tana kirana tana ba ni labarin gero ya kai gwiwa, ni kuwa ina zaune a bayan janareta ina jin ƙamshin ƙasar Barkiya a hancina. Na yi kewar furar ranar kasuwa, na yi kewar gaisuwa mai tsawo, wadda za a tambaye ka gida da gajiya da ruwa. A can in ka gaida mutum sai ya dubi agogo.

Wata ranar Asabar yunwa ta kore ni zuwa Zango, unguwar Hausawan birnin. Nan na sami Hajiya Hawa mai tuwo, wata dattijuwa mai faɗan tsiya, wadda aka haifa a can. Hausarsu ba ta san mace ba, kowa namiji ne. Ta dube ni ta ce, "Kai, matanka ya san kana rama haka?" Na gaya mata gaskiya tun kafin ta zuba, na ce ni Kirista ne, kada daga baya ta ce na ɓoye. Ta ce, "To tuwon ya tambaye ka? Zauna ka ci." Na ci tuwo da miyar kuka har hawaye ya zubo mini, na ce mata barkono ne. Daga ranar duk Asabar a rumfarta nake.

Masifar ta fara ne daga waya. Wani dattijon ikilisiyarmu ya kira ni ina cikin ɗalibai, muryarsa a buɗe, yana ta "Malam, Malam." Akwai wani hadimin Papa mai suna Filis, wanda ya yi ƙuruciya a Sabon Garin Kano, yana da Hausar sayen tumatir. Ina kashe wayar ya matso, idanunsa na ƙyalli.

"Kai Malam ne?"

"Haka ake ce mini."

"Malam na gaske? Na laya?"

Ashe a ƙasar, in aka ce malam, ana nufin mai tsubbu, mai ba da laya da guru, wanda ake zuwa wurinsa a ɓoye a nemi sa'a ko a jefi abokin gaba. Na zaunar da Filis na yi masa bayani dalla-dalla, cewa a wajenmu malamin makaranta malam ne, mai bishara malam ne, ko baƙon da ba ka san sunansa ba malam ne. Yana ta gyaɗa kai, amma na ga maganar tana shiga ta kunnen nan tana fita ta wancan. Da ma sun riga sun sa mini ido, domin in ina addu'a "ya Allah" nake cewa. Malamin ajin ya taɓa tsawata mini wai in daina kiran sunan abin bautar wasu. Na ce masa kakana yana cewa Allah tun babu masallaci babu coci a ƙauyenmu, in kuma yana da wata kalmar Hausa da ta fi wannan, ya ba ni. Mutumin da bai san ko "sannu" ba, shi ne zai gyara mini sunan Mahaliccina.

Bayan ƴan kwanaki aka ce Papa yana nemana. Ya karɓe ni a ofis mai sanyi kamar cikin randa, ya rungume ni, turarensa ya shaƙe ni. Ya ce a babban taron da ke tafe ni zan ba da shaida, in yi da harshena, Filis zai fassara. Wallahi na yi murna. Na ce yau mutanen birni za su ji yadda ƙaramar ikilisiya take rayuwa. Ranar taron suka kawo mini wani farin rawani wai in naɗa don a ga al'adarmu. Na ce a ƙasarmu ba a wasa da rawani, ba ni da sarauta ba ni da limanci. Suka haƙura da hula, amma aka ce kada in cire ta.

Da la'asar aka hau da ni dandamali. Jama'a har inda ido ya ƙare, ga na'urorin ɗaukar hoto ta ko'ina. Na gaishe su, na fara ba da labarin shekarar da iska ta yaye rufin cocinmu. Na ce washegari tun da safe Liman Sada, limamin garinmu, ya aiko ƴaƴansa da azara, maƙwabta suka hau suka rufa mana, ranar Lahadi muka yi sujada a inuwa. Filis ya karɓa da Turanci, yana tsalle yana nuna ni. Sai na ji mata sun ɗauki kururuwa, wasu sun ɗora hannu a ka. Na ce ikon Allah, mutanen nan haka abin kirki yake taɓa su?

Turancina na karatu ne, a hankali nake tsintarsa, ga lasifika na amsa-kuwwa. Sai da na kasa kunne sosai sannan na fara kama abin da yake faɗa. Wai an ƙone mana coci. Wai liman ya turo ƴaƴansa da sanduna. Wai ni babban malamin tsubbu ne na Musulmi, na yi shekaru ina jifan Kiristoci, sai da na ga hoton Papa a mafarki na tuba, shi ne danginmu suka sa kuɗi a kaina. Kafin in rufe baki sai ga samari biyu da kwando cike da layu da guraye da ƙahoni, har da carbi a sama. Sabbi fil, fatar ko datti ba ta yi ba, da gani a kasuwa aka kwaso su a ranar. Aka juye su a gabana, aka kwara kananzir, Papa ya ƙyasta ashana.

Na fizge makirfo daga hannun Filis na yi ihu da Turancin da nake da shi, na ce ƙarya ne, ba nawa ba ne, ba a taɓa ƙona mana komai ba. Aka kashe makirfon. Masu ganga suka saki kiɗa. Na yi kukan kura zan ciro carbin daga wuta, ƙarti huɗu suka danne ni a ƙasa, ina shure-shure ina zaginsu, jama'a kuwa suka miƙe suna tafi suna rawa, wai aljanin tsubbu ne yake fita daga jikina. Papa ya taka a hankali ya ɗora tafinsa mai laushi a goshina, yana kallon na'urar hoto. Ban taɓa jin ƙyamar hannun ɗan Adam kamar ranar ba.

Washegari na shiga ofishinsa ba sallama. Bai ko ji kunya ba. Ya ce mutane da yawa sun ba da gaskiya jiya saboda ni, ya ce wani lokaci labari yana bukatar gishiri. Ya ce takardar fasto tana nan an buga da sunana, kuma zai zaga da ni ƙasashe. Na ce masa akwai gidaje a ƙauyenmu da rayuwarsu ta rataya a kan abin da ya yi wasa da shi, ya cire hoton nan daga duniya. Ya dubi agogonsa na zinariya, ya ce wa Filis a nuna mini ƙofa. A waje Filis ya ce, "Malam, kai wawa ne. Katsina nisa, wa zai gani?" Mutum yana riƙe da waya a hannu yana tambayata wa zai gani.

Hajiya Hawa ce ta fid da ni daga garin. Da na ba ta labari ta ajiye mara, ta yi wa Papa da zuriyarsa tas, sannan ta haɗa ni da wani direban babbar mota ɗan Jibiya da zai koma Legas. Ta ƙulla mini dambun nama a leda, ta ce in gaida "matanka." Muna tsakanin Lome da Kwatano Saratu ta kira. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Malam, mi ka je ka yi? Ga ka nan cikin wayar kowa, ana ƙona carbi gabanka."

Daga Legas na hau bayan tirelar da ta sauke kayan miya, na yi tafiyar arewa a kan buhunan wofi, rana ta gasa ni ruwa ya dake ni. A tashar Dutsin-Ma masu babur da na sani shekara da shekaru suka yi kamar ba su gan ni ba. Da ƙyar wani ya yarda ya ɗauke ni har Barkiya.

Wani malamin firamare ya riga ya fassara wa mutane Turancin kaf. An yanke wurin da na yi ihu, an bar wurin da aka danne ni. Mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka kunna hoton a gabana. Ƙarƙashin hargowar Filis ana ɗan jin Hausata, tana fitowa tana nutsewa. Na faɗi abin da ya faru tun daga farko. Wasu samari suka ce to me ya kai ni tsayawa a wurin, wasu suka ce ai biyana aka yi. Liman Sada yana zaune a gefe a kan buzunsa. Ya ce a sake kunnawa, ya kara wayar a kunnensa ya rufe ido. Da ta ƙare ya miƙa wa mai ita, ya saka takalmansa ya tafi, bai dube ni ba.

Babu wanda ya taɓa mu, amma garin ya yi mana sanyi. Gaisuwa ta koma "lafiya" ɗaya a wuce. Saratu ta je aron turmi inda ta saba, aka ce ana daka. Aka yi gayyar noma ba a gaya wa ko ɗayanmu ba. Ranar Lahadi muka daina buga ganga, muna rera waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki. Magidanta biyu suka fara neman ɗakin haya a Dutsin-Ma. Rabaran ya aiko cewa dattawa suna shawarar a ɗauke ni, a rufe cocin har ƙura ta lafa, ni kuwa na san cocin ƙauye in aka rufe shi ba ya sake buɗuwa. Duk wannan saboda Papa mai farin kwat yana son a tafa masa, kuma na tabbata ya riga ya manta sunana.

Haka muke har Sallar layya ta zo. A garinmu in an yanka, gidajen Musulmi sukan aika wa gidajenmu nama, mu ma mu aika musu shinkafa da Kirsimeti. Ranar rabon nama Saratu ta share tsakar gida ta zauna, tana yi kamar ba jiran kowa take ba. Hantsi ya yi, azahar ta wuce, ba a yi sallama ba. Na kasa zama, na tafi coci na zauna a bakin ƙofa ni kaɗai.

Can sai na hango Liman Sada. Bai biyo ta lungu ba, ta tsakiyar gari ya taho, ta gaban majalisar samari da bakin rijiya, yana tafe a hankali irin ta tsofaffi, da cinyar rago a hannunsa ko rufe ta bai yi ba. Mutumin da ko buta ba a bari ya ɗauka da kansa. Mutane suka bar abin da suke yi suna kallo. Ya wuce ƙofar gidana bai tsaya ba, ya zo har bakin cocin. Na miƙe.

"Malam Audu," ya ce, da ƙarfi yadda na bakin rijiya za su ji, "Turancin nan ban san mi ya ce ba, kuma ba ni da bukata. Hausar kau na ji ta, na kuma san mai ita tun yana yawo ba wando. Amshi mana, hannuna ya gaji."

Na miƙa hannu biyu na karɓa. Na rusuna masa.

Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya nuna ƙofar cocin da sandarsa.

"Kuma wannan raɗar da kuke yi ran Lahadi, ku bari. Wanda bai yi laifi ba ba ya waƙa a ɓoye. Ku fiddo gangarku."